Abin da yatsa ke nema a ƙarƙashin maɓalli

Akwai ƙorafin da masu aiki da kwamfuta ke yi wanda ba a cika ɗaukarsa da muhimmanci ba. Mutum ya ce wannan kibod ɗin ba ya yi masa daɗin rubutu, sai a ce ai duk kibod kibod ne, tunda harafi yana fita a allo me kuma ake nema? Wasu ma iyayi suke ɗaukar maganar. Ni ban yarda da su ba. Wanda ke buga kalma 60 a minti ɗaya, gudun da ƙwararren magatakarda ko mai buga takardu a shagon kwamfuta ke iya kaiwa, yana danna maɓalli kusan sau 5 a kowace daƙiƙa, wato wajen sau 18,000 a awa guda idan bai tsaya ba. Duk abin da jiki ke maimaitawa haka, ɗan aibin da ke cikinsa taruwa yake yi a yatsu da wuyan hannu, ya kuma riƙa yanke wa mutum tunani a tsakiyar jimla.

Rashin daɗin nan yana da dalilai da za a iya ambata da sunansu, a kuma auna su. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu wuri guda suke komawa: shin maɓallin yana sanar da yatsa cewa harafi ya shiga, kuma a daidai lokacin da ya shiga ɗin yake sanar da shi?

Gwanin buga rubutu ba ya kallon hannunsa, kuma ba da ido kaɗai yake gane kuskure ba. A 2010, masu binciken halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, Gordon Logan da Matthew Crump, sun wallafa wani gwaji a mujallar Science. Sun zaunar da ƙwararrun masu buga rubutu a gaban kwamfutar da aka shirya ta yi musu wayo: wani lokaci ta cusa kuskure a kalmar da suka buga daidai, wani lokaci kuma ta gyara kuskuren da suka yi ba tare da sun sani ba. Da aka tambaye su, galibi abin da allo ya nuna suka gaskata, suka karɓi laifin da ba nasu ba, suka kuma ɗauka sun buga daidai a inda suka kuskure. Yatsunsu kuwa ba su ruɗu ba. Bayan kuskure na gaskiya gudunsu yakan ragu ko da allo ya nuna komai lafiya, bayan kuskuren da kwamfuta ta ƙaga kuwa ba ya raguwa. Jiki magayi. Mai daka ba ta leƙa turmi bayan kowane bugu, taɓarya ce ke kawo wa hannunta labarin ko hatsi ya soma laushi, kuma in turmin wayam ne kafaɗarta ce za ta fara sani. Haka hannun mai rubutu yake da nasa lissafin, kuma daga maɓalli yake samun labarin da yake yin lissafin da shi.

Abin da ido ke gani da harafi a kansa murfi ne kawai. Aikin yana ƙarƙashi, a cikin makunnin da ke haɗa wuta idan an danna, ya raba idan an saki. Masu ƙera shi suna auna nisan da maɓalli ke nutsewa daga sama har ƙasa, da nauyin da yatsa zai ɗora masa, da gurbin da wutar ke haɗuwa a kan hanya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9241, wadda ta shafi kayan aikin ofis, ta fi son nutsewar ta kasance tsakanin milimita 2 da 4, nauyin kuma kimanin giram 50 zuwa 80. Irin waɗannan alƙaluma su ake rubutawa a bayan kwali. Wanda ba a cika rubutawa ba, kuma ya fi su tasiri, shi ne yadda nauyin ke sauyawa yayin da maɓallin ke sauka: ko yana ƙaruwa sannu a hankali har ƙasa, ko yana taruwa a wani wuri sannan ya saki gaba ɗaya. Makunni biyu za su iya zama giram 55 a takarda, hannu ya so ɗaya, ya ƙi ɗayan tun layin farko.

Don a gane mara daɗi, gara a fara da wanda mutane da yawa suka shaida ingancinsa. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin IBM ya fitar da kibod ɗin da ake kira Model M. A ƙarƙashin kowane murfi akwai dogon siririn sifirin a tsaye cikin bututu, ƙafarsa a kan wata 'yar guduma ta filastik. Idan ka danna, sifirin ɗin yana matsewa, nauyi yana ƙaruwa, har ya kai inda ba zai iya jurewa a miƙe ba, sai ya lanƙwashe gefe farat ɗaya ya daki bangon bututun. Wannan lanƙwashewar ce ke juya gudumar ta buga fallen wutar da ke ƙasa. Ka ga ke nan sakin da yatsa ya ji, da ƙarar da kunne ya ji, da shigar harafi, duk motsi guda ne ya haife su a lokaci guda. Yana da nauyi, wajen giram 65 zuwa 70, kuma ƙararsa takan hana maƙwabcin tebur sakat. Wasu hannayen sun fi son abin da ya fi shi sauƙi, kuma suna da gaskiyarsu. Duk da haka har yau wani kamfani mai suna Unicomp a garin Lexington na jihar Kentucky yana ƙera irinsa, tun 1996, saboda akwai masu saye.

Kibod ɗin da ya cika ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta ba haka yake ba. Kwance sukurorin bayansa ka buɗe. Za ka tarar da shimfiɗar roba mai taushi, da ƙananan ƙoƙuna a kife a jikinta, ɗaya a ƙarƙashin kowane maɓalli. Ƙarƙashin robar akwai fallayen leda guda uku, na sama da na ƙasa da zanen layukan wuta, na tsakiya da huji-huji. Dannawa tana murƙushe ƙoƙon, cibiyarsa ta tura fallen sama ta cikin huji ya taɓo na ƙasa. Matsalar a nan take. Ƙoƙon yana faɗawa tun daga sama-sama, yatsa ya ji kamar an gama, alhali wuta ba ta haɗuwa sai an kai can ƙasa an danne. Shi ma ƙasan ba tsayayye ba ne, roba ce ke ci gaba da lotsawa, don haka yatsa ba ya samun takamaiman wurin da zai ce nan ne ƙarshe. Idan harafi ya tsere wa mutum sau biyu ko uku, hannu yakan koyi darasi da kansa: ya daina yarda da maɓallin, ya koma dukansa. Binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1990 ya nuna cewa masu buga rubutu dama sukan ɗora ƙarfin da ya ninka abin da maɓalli ke buƙata sau biyu ko fiye. Maɓallin da ba ya ba da tabbaci ƙara ingiza hannu yake yi zuwa wannan hali.

Sannan roba tana tsufa. Ƙoƙunan da aka fi dannawa sukan saki, waɗanda ba a cika taɓawa ba su tsaya da taurinsu, sai kibod ɗaya ya zama kowane harafi da nasa nauyi. Murfin kuma a cikin ɗan bututun filastik yake zamewa. In ka danna shi a gefe maimakon tsakiya, sai ya karkata ya cije, musamman manyan maɓallai da kuma bayan ƙura ta samu wurin zama. Mai rubuta Hausa yana da wani kaso na musamman a wannan wahala. Harafin da ya fi kowane yawa a rubutunmu shi ne a, kuma a tsarin kibod ɗin da aka gada daga keken rubutu na Turanci, ƙaramin yatsan hannun hagu ne ke danna shi, mafi rauni a cikin yatsu. Maɓalli mai tauri ko mai cijewa a wannan gurbi yakan gajiyar da mai buga shafi goma na Hausa fiye da yadda mai ƙera kibod ɗin ya taɓa lissafawa.

Araha ba ta ado, amma a yi wa roba adalci, ba ita ce mai laifi a karan kanta ba. Kamfanin Topre na Japan yana yin makunni da ƙoƙon roba, sai dai ya sa ɗan sifirin a ƙarƙashinsa da na'urar da ke gane matsowarsa ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Harafi yana shiga tun a tsakiyar hanya, kusa da inda ƙoƙon ya faɗa, kuma kibod ɗin da ke ɗauke da shi yana cikin masu tsada da ake yabo. Tsofaffin kwamfutocin ThinkPad ma roba ce a ƙarƙashin maɓallansu, da wani ɗan tsari mai siffar almakashi da ke riƙe murfi kada ya karkata, kuma marubuta da yawa har yanzu suna kewarsu. Da roba mai kyau, da nutsewa isasshiya, da murfin da ba ya rawa, hannu ba ya ƙorafi.

Wanda ya gaji da kibod ɗin ofis yakan ji ana cewa ya sayi mai makunnin ƙarfe, kowane maɓalli da nasa makunni da sifirin. Shawarar ba laifi, sai dai a nan ma akwai inda ake cizon yatsa. Samfurin da ya mamaye kasuwa shi ne MX na kamfanin Cherry da ke Jamus, wanda ya fito a farkon shekarun 1980, daga baya kamfanonin Sin irin su Kailh da Gateron da Outemu suka cika duniya da makamantansa. A cikin ɗan akwatin akwai turken filastik da ke hawa da sauka a kan sifirin, da harsunan ƙarfe biyu a gefe. Ƙafar turken ce ke riƙe harshe ɗaya nesa da ɗayan, in ya sauka ya sake shi su haɗu. Launin turken shi ke nuna halinsa. Ja yana sauka sumul ba tangarɗa, giram 45, harafi ya shiga a milimita 2 cikin 4. Baƙi haka yake amma ya fi nauyi, giram 60. Shuɗi yana da ƙara. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a hanya, ba ƙara.

Na ruwan ƙasan nan shi aka fi yi wa sabon shiga talla, a ce masa tsaka-tsaki ne, kuma shi aka fi kuka da shi. Tudun nasa ɗan ƙullutu ne a ƙafar turken, wanda harshen ƙarfe ke hawa ya sauka. Ƙullutun ƙarami ne ƙwarai, har in mutum yana gudu ba ya jin sa a matsayin alama, sai dai ya ji wani ɗan ƙaiƙayi a tsakiyar dannawa. Masu sha'awar kibod sukan ce ja ne da yashi ya shiga cikinsa. Ƙari a kan haka, tudun yana zuwa kafin wurin da wuta ke haɗuwa, don haka za ka iya haye shi a hankali ka tsaya ba tare da harafi ya fita ba. A ganina wannan ne asalin abin da ke damun mutane da shi: ya yi alkawarin ba da labari, labarin kuma ya zo da rauni, ya zo da wuri.

Shuɗin kuma turkensa kashi biyu ne. Akwai wata farar riga da ke zagaye da shi, wadda ke kufcewa ta faɗa ƙasa da ƙara. Ƙarar tana da daɗi ga wasu, wasu kuma suna jin ta da kaifi da ɓararraka. Abin da ya fi ƙarar muhimmanci shi ne dawowa: sai maɓallin ya tashi sama da inda harafi ya shiga sannan rigar ke komawa mazauninta. Wanda ya saba maimaita harafi da ɗan ɗaga yatsa kaɗan zai iya rasa na biyun. Rubutun Hausa cike yake da baƙaƙe masu ninki, baba daban babba daban, kuma manhajar gyaran rubutu ba ta cika ceton mu ba. A ɗaya ɓangaren akwai makunnan da aka yi wa masu wasannin kwamfuta, irin MX Speed Silver na 2016, wanda harafinsa ke shiga a milimita 1.2 kacal. Ga mai wasa sauri ne. Ga mai rubutu da ya saba ɗora yatsunsa a layin tsakiya yana tunani, haruffa ne za su riƙa fita ba da izininsa ba.

Sauran aibobin na ƙira ne da gamawa. Filastik da ke gogar filastik, in fuskarsa ba ta yi santsi daga ma'aikata ba, yakan ba da wani ƙaiƙayi da yatsa da kunne duk suke ji. Sifirin busasshe yakan yi amsa-kuwwa bayan an saki. Dogon maɓallin tazara yana da wayar ƙarfe a ƙarƙashinsa da ke daidaita gefe da gefe, in ta yi sako-sako sai ta riƙa kaɗawa a kowace kalma. Shi ya sa za ka ga masu sha'awar abin suna buɗe makunni sama da 80 ɗaya bayan ɗaya, suna shafa musu giris da siririn buroshi. Da kasuwa ta nuna inda ta karkata, Cherry da kansa ya fitar da MX2A a 2023, wanda ake shafa wa mai tun daga ma'aikata.

Duk waɗannan ƙananan laifuffuka ne in aka kwatanta da abin da ya faru da kwamfutocin Apple tsakanin 2015 da 2019, kuma a nan nake so in daɗe, domin babu inda aka fi ganin yadda kamfani mai kuɗi da gwanaye zai iya mance yatsa.

A watan Maris na 2015 Apple ya gabatar da sabuwar MacBook mai allon inci 12, wadda kaurinta bai wuce milimita 13.1 ba. Don a kai ga wannan sirantar, an sauya tsarin almakashi da wani sabo da aka sa wa sunan malam-buɗe-littafi, saboda fikafikai biyu ne na filastik haɗe a tsakiya, suna buɗewa da rufewa a ƙarƙashin murfi. A madadin ƙoƙon roba aka sa ɗan faifan ƙarfe mai tudu. Kamfanin ya ce sabon tsarin ya fi na da sirantaka da kashi 40 cikin 100, ya kuma fi shi tsayuwa daram sau huɗu. Maganar tsayuwar gaskiya ce, ka danna murfin a kowace kusurwa zai sauka daidai. Abin da aka biya a madadi shi ne nutsewa. Maɓallin bai kai ko milimita 1 ba, tsakanin rabin milimita ne da kaɗan sama da haka, alhali kwamfutocin da suka gabace shi sun haura milimita 1 sosai. Yatsan da ya taso da saurinsa ba shi da filin rage gudu. Kafin ya ji komai ya riga ya daki ƙasa, ƙasan kuma ƙarfe ne a kan ƙarfe. Alamar shigar harafi da dukan ƙarshe sun haɗe wuri guda, babu tazarar da hannu zai koyi tsayawa a cikinta. Wasu sun saba har suka so shi, musamman masu sassauƙan hannu. Masu yawa kuwa sun yi kukan ƙara da gajiyar kan yatsu.

Da a rashin daɗi abin ya tsaya, da an ce ra'ayi ne, kowa da nasa. Sai aka shiga matsala ta biyu. A maɓalli mai nutsewar milimita 4, ƙwayar ƙura ko ɓurɓushin burodi yana da inda zai faɗa ya ɓace. A wanda bai kai milimita 1 ba, ƙwaya ɗaya in ta shige ƙarƙashin fiffike ta isa ta hana shi rufewa. Sai maɓalli ya daskare, ko ya ƙi fitar da harafi, ko ya fitar da shi sau biyu. Wannan ya fi kowane irin rashin daɗi muni, domin yatsa ya ji ya danna sau ɗaya, allo ya nuna babu ko ya nuna biyu. Mai rubutu ya koma sa ido a kan kowane harafi, gwanintar da ya shekara yana tarawa ta tashi a banza.

Abin da Apple ya fara ba mutane shawara shi ne su riƙe kwamfutar a karkace, a kusurwar digiri 75, su fesa mata iskar gwangwani daga hagu zuwa dama, su juya ta su sake. Murfin maɓallin yana da wuyar cirewa ba tare da an karya 'yan ƙugiyoyinsa ba. Shi kuma kibod ɗin gaba ɗaya an dasa shi ne a jikin ƙarfen saman kwamfutar, inda a wasu samfuran aka manne batir, don haka gyaran harafi ɗaya yakan zama sauya rabin gangar jiki, kuɗin kuma ya kai ɗaruruwan daloli ga wanda garantinsa ya ƙare. A 2016 an faɗaɗa tsarin zuwa MacBook Pro, kwamfutar masu aiki. A watan Oktoba na 2017 'yar jarida Casey Johnston ta rubuta labarin wahalar da ta sha da nata, labarin ya yaɗu, mutane da yawa suka gane ba su kaɗai ba ne. A watan Mayu na 2018 aka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Kalifoniya, a watan Yuni kuma kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta na tsawon shekara 4 daga ranar da aka fara sayar da kwamfutar. Sai dai abin da ake sa wa mutum a wurin gyaran wani malam-buɗe-littafin ne.

A 2018 an ƙara wata siririyar fatar roba a ƙarƙashin kowane murfi. A bainar jama'a kamfanin ya ce don rage ƙara ne, amma masu kwance na'urori na iFixit da suka buɗe sun ce shingen ƙura ne, takardun cikin gida na masu gyara kuma suka tabbatar da haka. Matsalar ba ta kau ba. A watan Maris na 2019 Joanna Stern ta jaridar Wall Street Journal ta wallafa sharhinta da haruffan da kwamfutarta ke haɗiyewa a ɓace, don mai karatu ya gani da idonsa, Apple kuma ya ba da haƙuri yana cewa masu fama da matsalar kaɗan ne. An sake sauya kayan cikin makunnin a 2019. A watan Nuwamba na shekarar aka fitar da MacBook Pro mai inci 16 da tsarin almakashi, ƙoƙon roba, da nutsewar milimita 1, zuwa watan Mayu na 2020 kuma babu sauran sabuwar kwamfutar Apple mai tsohon tsarin. A 2022 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 50 don rufe ƙarar ba tare da ya amsa laifi ba, inda wanda aka sauya wa kibod fiye da sau ɗaya zai iya samun har dala 395.

Abin da ke ba ni takaici a wannan tarihi shi ne shekarun da aka kwashe. Sirantar kwamfuta abu ne da ake gani a hoto, a faɗe shi da lamba a kan dandali a yi tafi. Abin da yatsa ke ji ba ya fita a hoto, kuma wanda ya taɓa maɓalli na minti biyu a kanti ba zai san yadda hannunsa zai kasance bayan awa shida ba. Dubi kuma ɗan bambancin da ya raba abin da aka ƙi da abin da aka karɓa: bai wuce rabin milimita ba, tare da roba mai karɓar duka a ƙasa da sarari da ƙura za ta bi ta wuce. Masu rubutu sun faɗi haka tun shekarar farko, aka ɗauke shi ƙorafin marasa son canji, sai da maɓallai suka soma mutuwa sannan aka saurara.

Kuɗin sasantawar nan na masu saye a Amurka ne kawai, wa'adin shekara 4 na gyara kyauta kuma ya riga ya ƙare wa dukkan waɗannan kwamfutoci. Su kuwa kwamfutocin ba su ɓace ba. Sun gangaro kasuwar na hannu, kuma ana samun su a shagunan Legas da Kano da Abuja, jikinsu tas, farashinsu ƙasa da na sababbi nesa ba kusa ba, abin da zai ja hankalin ɗalibi ko ɗan jarida ko mai haɗa bidiyo. Makunnin da ɓurɓushin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ya gagara, yanzu ga shi a ƙasar da hazon hunturu ke shiga ɗaki ko an rufe taga. Samfuran su ne MacBook mai inci 12 daga 2015 zuwa 2017, MacBook Pro mai inci 13 da 15 daga 2016 zuwa 2019, da MacBook Air ta 2018 da 2019.

Duk wanda zai sayi ɗaya daga cikinsu, ko ma kowace irin kwamfuta da zai yi rubutu da ita, kada ya tsaya a duba allo da batir. Ya buɗe shafin rubutu a gaban mai shago, ya buga sakin layi biyu ko uku da gudun da ya saba, ba a hankali ba, sannan ya karanta ya ga ko akwai harafin da ya ɓace ko ya ninku. Ya danna kowane maɓalli sau goma a jere ya ƙirga abin da ya fita, ya gwada maɓallin tazara a tsakiya da gefe biyu, ya saurari wanda ƙararsa ta bambanta da ta 'yan'uwansa, domin sau da yawa shi ne wanda ƙura ta riga ta shiga. In kwamfutar mai malam-buɗe-littafi ce kuma farashin ya yi masa, ya sa kuɗin kibod na waje a cikin lissafinsa tun daga ranar, ya kuma tambayi mai gyara nawa ne sauya saman gangar jikin gaba ɗaya, don ranar da harafi ɗaya ya tsaya, wannan kuɗin za a nema a hannunsa.